An yi min rasuwa, ga shi ban daɗe da kama aiki ba: tambayoyi da amsoshi kan neman hutun makoki

Na yi shekaru ina zaune a teburin da ake kawo wa takardun neman hutu, a sashen kula da ma'aikata. Cikin duk masu shigowa ofishin, babu mai ban tausayi kamar sabon ma'aikacin da aka yi wa rasuwa. Tsohon hannu turo ƙofa zai yi ya ce, "An yi mana rashi, zan wuce gida," ya kama hanya. Sabo kuwa sai ya tsaya a bakin ƙofa, waya a hannu, ido ya yi ja, yana ta ba da haƙuri kamar shi ya gayyato mutuwar. Tambayoyin nan daga bakin irinsu na ji su, wasu a ofis, wasu ta waya da tsakar dare.

Sati uku kacal da kama aiki aka yi min rasuwa. Ina ma da bakin neman hutu?

Kana da shi. Mutuwa ba ta duba takardar ɗaukar aikinka kafin ta shiga gidanku, kuma wanda za ka je gabansa ɗan mutane ne, ya binne nasa ko zai binne. Da wuya ka ga shugaban da ya ƙullaci yaro don mahaifinsa ya rasu. Waɗanda na ga sun shiga uku kashi biyu ne: wanda ya ɓace babu labari, waya a kashe, sai bayan kwana shida aka gan shi, da wanda ya ce kwana uku zai yi, ya share sati biyu. Nauyin bakin da kake ji na baƙunta ne, kowa ya yi shi. Kada dai ya kai ka ga yin shiru.

Doka ta ba ni wannan hutun, ko alfarma ce?

In a kamfani ko wata ma'aikata mai zaman kanta kake a Najeriya, gaskiyar ba daɗi: Dokar Ƙwadago ba ta ce uffan ba kan hutun rasuwa. Ta yi maganar hutun shekara a sashe na 18, aƙalla kwana 6 na aiki da albashi, shi ma sai ka cika wata 12 a jere. Ta yi maganar rashin lafiya a sashe na 16, har kwana 12 a shekara in likita mai rajista ya tabbatar. Ta ba mace hutun haihuwa na sati 12 a sashe na 54. Makoki kam babu shi.

Akwai kuma wani abin da ba kowa ya sani ba. Dokar, in ta ce ma'aikaci, masu aikin ƙarfi da masu aikin rubuce-rubucen ofis take nufi. Manaja, injiniya, likita, akanta da makamantansu, abin da suka sa wa hannu da kamfani shi ne madogararsu. Saboda haka ko ta wace ƙofa ka ɓullo, wuri ɗaya za ka koma: takardar ɗaukar aikinka, da kundin ƙa'idojin ma'aikata, da yarjejeniyar ƙungiya in wurin yana da ƙungiyar ƙwadago. In an rubuta hutun rasuwa a ɗaya daga cikinsu, haƙƙinka ne. In ba a rubuta ba, alfarma ce kake nema, kuma mai neman alfarma da mai karɓar haƙƙi ba murya ɗaya suke magana da ita ba.

Ni ba a ba ni wani kundi ba. A ina zan duba?

Tambayi sashen kula da ma'aikata, ko wanda ya fi kowa daɗewa a sashenku. Shi ya san abin da ake yi, ba abin da aka rubuta kawai ba. Sashe na 7 na dokar ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su wuce, har da na hutu. In ka samu kundin, abu biyu za ka nema: su wa aka lissafa a matsayin iyali, sannan ko an ce hutun na waɗanda suka gama lokacin gwaji aka tabbatar da su a aiki ne kaɗai. Wannan layin na biyu shi yake kayar da sababbi.

Aikin gwamnati nake. Daidai ne da na kamfani?

Naka ya fi sauƙi. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun tanadi hutun jinƙai har zuwa sati biyu da cikakken albashi, don binne miji ko mata, ɗa, iyaye, ko surukai. Lura da lafazin dai: ana iya ba ka ne, kuma sati biyun iyaka ce, ba dole a cika maka ita ba. Lokacin gwaji a tarayya yakan kai shekara biyu, to da a ce sai an tabbatar da mutum zai binne iyayensa, da an sha kallo. Jihohi kowace da nata kundin, yawanci a kan na tarayya aka ɗora. Abin da ke cin ma'aikacin gwamnati shi ne sakaci da takarda. Oga ya ce maka "je ka, Allah ya jiƙansa" a baranda, ka tafi, ka dawo ba ka rubuta komai ba. Ranar da aka zo tantance ma'aikata sai ka ga kwanakin nan a matsayin fashi. Rubuta, ta bi ta hannun shugaban sashenka, ta shiga fayil.

An kira ni da asuba, jana'iza bayan azahar. Zan tsaya jiran a amince?

Nan ne tsarin ofis da tsarinmu suke karo. Ƙa'idojin kamfanoni da yawa, musamman masu hedikwata a Legas ko Fatakwal, an rubuta su ne da tunanin jana'izar da ake sa wa rana: a ajiye gawa a asibiti, a buga katin gayyata, ma'aikaci ya cike fom sati biyu kafin lokaci. Mu kuwa wanda ya cika da asuba, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Babu fom ɗin da zai zagaya tebur uku a wannan tsakanin.

Abin yi shi ne ka sanar, ko da ba ka jira amsa ba. Fara kiran shugabanka na kai tsaye, wanda kake aiki a ƙarƙashinsa, kada ka tsallake shi zuwa sama. In bai ɗaga ba, tura masa saƙo nan take, tes ko WhatsApp, ka tura irinsa ga sashen kula da ma'aikata. Saƙon yana ɗauke da rana da lokaci, shi ne shaidarka gobe. Kada ka bar sallahu wurin abokin aiki kawai ka ce ya faɗa wa oga. Na ga wanda abokin nasa ya manta sai da la'asar, lokacin har an fara neman wanda zai rubuta takardar tuhuma.

Sai dai akwai aikin da ba a tashi a bar shi haka. Ma'aikaciyar jinya mai duti, mai gadi, mai riƙe da makullin sito, mai karɓar kuɗi a kanta: ka jira wanda zai karɓe ka, ka damƙa masa abin da ke hannunka a gaban shaida, ko da minti talatin zai ɗauka. Kuɗin da suka ɓace ranar da ka fita da kuka ba za a ce mutuwa ce ta ɗauke su ba.

Wata magana kuma, mai ɗaci. In kana Legas aka yi rasuwar a Katsina, tafiyar ta haura kilomita 1,000, ba za ka riski jana'izar ba ko da ka fita da gudu. Sallar gawa farali ce ta kifaya, waɗanda ke kusa sun ɗauke maka. To tunda ta'aziyya za ka je, zauna ka yi awa ɗaya ka gyara tsakaninka da wurin aiki, ka shiga motar da za ta kai ka lafiya. Gida ɗaya kada a yi makoki biyu.

Me zan ce? Bakina rawa yake in na tsaya gaban oga.

Abu huɗu: wa ya rasu, yaushe kuma a ina, yaushe za ka dawo, wa ka bar wa aikinka. Ga misali:

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Allah ya yi wa mahaifina rasuwa yau da asuba a Funtuwa, za a yi jana'iza bayan sallar azahar. Ina neman izinin tafiya daga yau Talata, in dawo aiki ranar Litinin in sha Allahu. Makullin sito da lissafin jiya na damƙa wa abokin aikina. Wayata a buɗe take in an buƙaci wani abu. Na gode."

In da Turanci ake rubutu a wurinku, juya shi haka yadda yake. Ba sai ka kawo tarihin jinyar ba, ba kuma sai ka fara da "na san ban daɗe da zuwa ba" ba. Ya sani. In ka faɗa, kai ka miƙa masa dalilin rage maka kwana.

Kwana nawa ya kamata in nema?

Lissafa da gaskiya: kwanan tafiya, kwana uku na zaman makoki, kwanan dawowa. Mai aiki a Abuja ɗan Zariya kwana uku zuwa huɗu sun ishe shi. Mai tasowa daga Fatakwal zuwa Nguru hanya kaɗai za ta cinye masa biyu ko fiye. Duba misalin da ke sama: daga Talata zuwa Litinin, kwana huɗu na aiki ya nema, Asabar da Lahadi suka cike masa shida.

Faɗi rana takamaimai. "Sai abin da hali ya yi" magana ce ta gida, a ofis ba ta da gurbi a jadawali. In kai ne babba a gidan, ka san akwai lissafin bashin mamaci, da maganar inda iyaye mata za su zauna, da ƙanne masu makaranta, to nemi sati guda tun farko. Gara ka ce bakwai ka dawo a na shida, da ka ce uku ka yi ta bugo waya kana ƙari. Rabon gado kuwa kada ka sa shi cikin wannan hutun. Ba abin kwana uku ba ne, a sa masa ranar Asabar.

Wadda ta rasu ba ita ta haife ni ba, amma ita ta raine ni. Kundin ya ce uwa, uba, mata ko ɗa kawai.

Wannan ta same ni ni kaina. Ina wata na biyu a wani kamfani a Legas aka bugo min cewa abokiyar zaman mahaifiyata ta rasu. Ni ɗan fari ne, mahaifiyata ko sunana ba ta kira saboda kunya. A ɗakin wannan baiwar Allah aka yaye ni, ita nake ce wa Inna, ita ta sayar da tunkiyarta aka biya min kuɗin jarrabawa. Aka miƙo min fom mai akwati huɗu, babu nata a ciki. Na rubuta kalmar da Turanci ya tanada wa matar uba, kalma mai sanyi kamar ta baƙuwa. Shugabar tawa ta duba, ta sa hannu a kan kwana ɗaya.

Na fito har na kai matakala, na dawo. Na ce, "Madam, ki gafarce ni, takardar nan ba ta faɗi gaskiya ba. Matar nan tun ina shekara biyu nake hannunta. In an ce uwata, ita nake fara gani." Ta ajiye biro ta dube ni, ta ce ita ma kakarta ce ta raine ta. Ta ba ni uku da albashi, biyu babu.

Akwatunan fom ɗin nan an zana su ne don gidan mutum huɗu. Namu gidan akwai baffan da ya riƙe ka bayan rasuwar mahaifinka, da goggon da aka ba ta kai tun kana zanen goyo, da yayan da ya zame maka uba. Wanda bai tashi a cikinmu ba in ya ji "kawu" ko "goggo" sai ya ɗauka dangi ne na nesa da ake gani ranar salla. Kai ne za ka fassara masa, a jimla biyu: ita ta raine ni, a gidanta na tashi. Ba kowane shugaba ne zai ajiye biro ba, amma in ba ka faɗa ba babu wanda zai ajiye.

To in ce mahaifiyata ce kawai mana, a wuce wurin?

Kul. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abokan aiki za su haɗa mota su zo ta'aziyya, a shigar da su cikin gida su gaisa da mahaifiyar taka tana zaune a kan tabarma. Ko kuma bayan shekara biyu ranar gaskiya ta zo, a buɗe fayil a ga ka riga ka binne ta. A lokacin gwaji, ƙarya a takarda ta fi fashin kwana biyar saurin korar mutum.

An ce in kawo takardar shaidar mutuwa. A gida ya rasu, babu wata takarda.

Kada ka ji haushi, ba kai ake zargi ba. Waɗanda suka kashe kakanninsu sau uku a takarda ne suka jawo wa kowa. In a asibiti aka rasu, asibitin na ba da takarda. In a gida ne, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke rajistar haihuwa da mutuwa, tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi, kuma takardarta za ta yi muku amfani gaba wurin banki ko fansho in mamacin yana da su. Kafin ta fito, wurare da yawa na karɓar wasiƙar mai unguwa ko limamin da ya yi sallar. Ka ce za ka kawo in ka dawo. Ban ga dalilin da zai sa a tsare mutum a ofis ranar da ake haƙa kabarin ubansa don takarda ba.

Za a biya ni kwanakin? Kuma ko kuɗin mota ba ni da shi, ba a yi albashin farko ba.

Tambayi wannan ƙarara kafin ka tafi ko da ka dawo, kada ka bari sai ƙarshen wata ka ga alat ya zo da giɓi. Hanya uku ce: a biya ka duka, a cire daga hutun shekarar da za ka samu nan gaba, ko a ba ka hutu babu albashi. In an ce ba ka cancanci na farko ba, kai ka kawo shawarar na biyu. Shugabanni na son wanda ya zo da mafita a hannu.

Kuɗin mota kuma, nemi a ba ka wani abu daga albashinka a cire a ƙarshen wata. Ka yi sati uku kana aiki, guminka ne kake nema a gaggauta maka, ba bara ba ce.

Wannan zai sa a ƙi tabbatar da ni, ko a kore ni?

Ba zan rufe ka ba, sabon ma'aikaci a kan siraɗi yake. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda bai wuce wata 3 ba, sanarwar kwana ɗaya ta isa a raba gari da shi, sai in takardar ɗaukar aikinsa ta ba shi fiye da haka. Daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 2, sati ɗaya. Shi ya sa nake ta nanata saƙo a rubuce. Hutun da aka sani aka amince ba ya zama laifi. Abin da zai iya faruwa shi ne a ƙara maka kwanakin a kan lokacin gwaji, wannan kuwa ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda aka kora bisa zalunci yana da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, sai dai shari'a tana cin lokaci da kuɗi, ga mai wata biyu a aiki kuma abin da za a samu bai cika kai wahalar ba.

Oga ya ce ba zai bar ni ba.

Tambaye shi, cikin ladabi, me ya hana. Sau da yawa ba hutun yake ƙi ba, ramin da za ka bari yake tsoro. Rage kwanakin, kawo wanda zai riƙe maka, yi tayin rama duti in ka dawo. In ya kafe, je sashen kula da ma'aikata ko wakilin ƙungiya, ka gaya masa za ka je don kada ya ji a sama.

In duk an rufe ƙofa, kuma mahaifi ne ko mahaifiya ko ɗa, ra'ayina ka rubuta cewa ka tafi, ga dalili, ga ranar dawowa, ka tafi da sanin cewa aikin na iya tafiya. Kai ka san nauyin da ke kanka da bakunan da albashin nan ke ciyarwa, ba ni ba. Amma wurin da ya hana ka binne uwarka a watan farko ya nuna maka yadda shekara goma za ta kasance.

Mijina ne ya rasu, wata biyu da fara aikina. Ya zan yi da takaba?

Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri. Naki ya bambanta da duk na sama, domin ba kwana uku ba ne. Iddar mamaci wata huɗu da kwana goma ce kamar yadda ya zo a aya ta 234 cikin Suratul Baƙara, mai juna biyu kuma sai ta haihu. Dokar Ƙwadago ba ta san wannan ba. A 2024 wani ƙuduri da ke neman a ba matar da mijinta ya rasu hutun wata biyar, namiji kuma wajen wata ɗaya, ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Wakilai, amma karatu na biyu ba doka ba ne, kada ki je ofis da shi a matsayin hujja. A Saudiyya kam dokar aiki ta ba Musulma wannan hutun cikakke da albashinta.

Abin da ya kawo sauƙi shi ne malamai, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, sun halatta wa mai takaba fita da rana don buƙata, ta dawo ta kwana a ɗakinta, ba ado ba turare. Neman abin da za ki ciyar da marayu buƙata ce. Tambayi malamin da kika yarda da shi, domin a wasu gidajen al'ada ta fi shari'a tsanani, kuma dangin miji za su yi magana. A wurin aiki, abin da za ki nema kashi biyu ne: sati biyu ko wata guda na farko ki zauna a gida, ko da rabinsa babu albashi, bayan nan a cire ki daga dutin dare da tafiye-tafiyen kwana har ki fita. Kada ki ajiye aiki a satin farko don wani ya ce ki ajiye. Ba sai kin je da kanki ba ma. Yayanki ko ƙaninki zai iya kai takardar.

Mu sai bayan sati uku za a yi biso. Sau biyu zan nemi hutu?

'Yan'uwa Kirista da yawa haka suke yi, a jira dangi su hallara. Sanar ranar da aka rasu, ka ɗauki kwana ɗaya ko biyu in kana bukata, ka ce sauran sai an sa rana. Da zarar an sa, kai takarda. Kai kam fom ɗin dominka aka yi shi.

Sadakar bakwai da ta arba'in fa?

In gidanku na yi, to ranarsu sananniya ce tun yau. Kada ka kira su hutun rasuwa. Nemi kwana ɗaya da wuri ko ka yi musayar duti. Sabon ma'aikacin da ya je neman izini karo na uku cikin kwana arba'in a kan rasuwa ɗaya, haƙurin mutane ya fara ƙarewa.

Ni ɗan bautar ƙasa ne. Ni kuma kamfanin 'yan kwangila ne ya kawo ni banki. Ni yaron shago ne.

Mai bautar ƙasa iyayen gida biyu gare shi: inda aka tura shi, da hukumar kula da masu bautar ƙasa. Izinin shugaban makaranta ko ofis kaɗai bai isa ka bar jihar ba. Takardarka ta bi ta hannun jami'in hukumar na ƙaramar hukuma zuwa shugabanta na jiha. In ka tsallake, musamman ka rasa tantancewar wata, alawus na iya tsayawa, a kuma ƙara maka wa'adi.

Wanda kamfanin kwangila ya kawo, shi ma biyu zai sanar: inda yake zama, da waɗanda ke biyansa. Ƙa'idar masu biyan ce ke aiki a kansa, ko da rigar bankin ce a jikinsa.

Yaron shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari kuwa ba ya bukatar wannan shafin sosai. "Alhaji, an yi mana rasuwa." Alhaji zai ce inna lillahi, ya zaro kuɗin mota, wataƙila ma ya ja ’yan layi su bi ka jana'izar. Abin da ake so gare ka kawai ka ba da lissafi kafin ka fita, ka dawo ranar da ka ce.

A ƙasar waje nake aiki.

Duba dokar inda kake, wasu sun fi mu tanadi. Saudiyya na ba da kwana 5 da albashi in miji ko mata, iyaye ko 'ya'ya suka rasu, sai dai zuwa gida na bukatar bizar fita da dawowa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kwana 5 ne ga miji ko mata, 3 ga iyaye, 'ya'ya, 'yan'uwa, kakanni da jikoki. A Birtaniya tun 2020 wanda ɗansa da bai kai shekara 18 ba ya rasu yana da sati biyu, ko da ranar ya fara aiki. Amurka ba ta da dokar tarayya a kan wannan. Jihar Kalifoniya ta wajabta kwana 5 tun 2023 ga wanda ya cika kwana 30 a aiki, amma ba dole a biya shi ba. A Nijar dokar aiki ta 2012 ta san izinin musamman na lamurran iyali, wanda ba a cirewa daga hutun shekara.

Na dawo, amma kaina ba ya tare da ni.

Haka ne, kwana uku na karɓar gaisuwa ne, ba na warkewa ba. A zaman makoki mutane sun kewaye ka. Sai ka dawo ɗakinka na haya kai kaɗai abin yake sauka. Ranar da ka dawo fara da ofishin shugabanka, ka yi godiya, ka cike fom ɗin da ka bari. Masu cewa "ya haƙuri?" za su yi ta zuwa, "da godiya" ta isa, ba sai ka ba kowa labari ba. In aikinka na lissafi ne, ko magani, ko inji, ko tuƙi, gaya wa wanda kuke tare ya riƙa bin bayanka na sati ɗaya. Ni a satin da na dawo daga makokin Inna sau biyu na tura takarda ɗaya ga mutumin da ba shi ba. In wata ya wuce barci bai dawo ba, abinci ba ya shiga, je asibiti ka faɗa wa likita yadda kake ji.

An miƙo min ambulan, wai gudummawar abokan aiki. Rabinsu ko sunansu ban sani ba.

Karɓa, ka bi su tebur tebur ka yi godiya, a nan za ka san sunayen. Sannan ka tambayi wa ke riƙe da littafin da ake tara kuɗin, nawa ake sawa a wata, ka ce a rubuta sunanka daga albashin farko.